Darasi na 9: Ƙullutu a 'Ya'yan Maraina

Wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka ranar 11 ga Fabrairu, 2024, a Abijan, ya san yadda aka kwana a Najeriya. Mu muka fara cin ƙwallo, Kwaddibuwa ta farke, ana saura minti tara a tashi Sebastien Haller ya zura ta biyu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a watan Yuli na 2022 likitoci sun gano wa wannan ɗan wasa ciwon kansa, wato ciwon daji, a maraina, jim kaɗan da komawarsa ƙungiyar Dortmund ta Jamus. An yi masa tiyata, an yi masa ƙarin ruwan maganin kansa, gashin kansa ya zube. A watan Janairu na 2023 ya koma fili.

Wannan ciwo shi ne darasinmu na yau. Na san maganar tana da nauyi a baki, wani ma zai sunkuyar da kai idan aka zo karanta ta a aji. Ku daure. Babu kunya a wajen neman sani, balle wajen neman lafiya.

Mene ne ciwon?

A cikin 'ya'yan maraina akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda daga gare su ake samun ƙwayoyin haihuwa na maniyyi. Wani lokaci sai su kauce wa tsari, su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su zama curi mai tauri. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kansar maraina daga nan take farawa. Likitoci sun kasa ta gida biyu: saminoma, wadda ta fi tafiya a hankali, da wadda ba saminoma ba, mai saurin yaɗuwa.

Ba ciwon tsofaffi ba ne. Ya fi kama samari da magidanta 'yan shekara 15 zuwa 40. Ya fi yawa ga Turawa, musamman a Danmak da Norwe, a Afirka kuwa bai yawaita ba. Sai dai ƙarancinsa yakan sa a ɗauke shi gwaiwa ko ƙaba, a yi ta shan jiƙo har lokaci ya ƙure. Yaron da aka haifa ɗan marainansa ɗaya bai sauko cikin jaka ba ya fi sauran yara haɗarin kamuwa idan ya girma. Haka wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yi. Iyaye mata, idan kuna yi wa jariri wanka ku duba: guda biyu ne a jakar? In ɗaya ne, kuma ya wuce wata shida bai sauko ba, a kai shi asibiti.

Yadda za ka duba kanka

Sau ɗaya a wata, bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin da fatar ta saki. Ka riƙe ɗan maraina ɗaya tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, ka murza a hankali. Lafiyayye sumul yake kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. A bayansa za ka ji wata jijiya mai taushi, wannan halitta ce. Idan ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma ko saukowa, shi ma ba komai.

Abin da ake nema shi ne ƙullutu mai tauri a jikin ƙwayar, ko da bai fi ƙwayar wake ba, ko kumburi, ko nauyi a gefe ɗaya. Yawanci ba ya zafi, kuma nan ne yaudarar take. Mutum sai ya ce tunda ba ya ciwo ai ba komai. Wasu kan ji ɗan ciwon mara, wasu nononsu ya kumbura. Idan ya yaɗu yakan kawo ciwon baya ko tari.

Akwai wani abu daban da ba kansa ba ne, amma kada a yi wasa da shi. Idan zafi mai tsanani ya taso farat ɗaya a maraina, har da amai, mai yiwuwa jijiyar ce ta murɗe. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Cikin awa shida ake so a yi tiyata, in ba haka ba ƙwayar na iya mutuwa.

A asibiti

Ku karanta wannan hira, mutum biyu-biyu:

"Sannu Malam, me ke tafe da kai?"

"Likita, wani ƙullutu na ji a marainana na dama."

"Tun yaushe?"

"Mako uku ke nan. Ba ya zafi, amma yana da tauri."

"Ka kyauta da ka zo da wuri. Bari in duba, sai a yi maka sikanin da gwajin jini."

Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Likita ya saba jin irinsa kullum. Sikanin ɗin irin wanda ake yi wa masu juna biyu ne, ba allura, ba zafi. A jini kuma ana auna sinadarai uku da kan nuna alamar ciwon: AFP, hCG da LDH. Wani abin mamaki, hCG shi ne sinadarin da ake gane ciki da shi a jikin mace, to wasu irin wannan kansa suna fitar da shi a jikin namiji.

Kada a bari wanzami ya tsaga wurin ko ya yi ƙaho. Ko likita ba ya huda jakar don ɗibar nama, saboda hakan na iya buɗe wa ciwon wata hanya. Ta matsematsi ake yanka, a ciro ƙwayar da ta kamu gaba ɗayanta, a kai ɗakin gwaji. Tambayar da kowane namiji ke yi ita ce: to aure fa, da haihuwa? Ƙwaya ɗaya lafiyayya ta isa ga mafi yawan maza, su sadu da iyali kuma su haihu. Maganin ƙarin ruwa yakan rage ƙwayoyin haihuwa, don haka ka tambayi likita tun kafin a fara ko akwai inda za a adana maka maniyyi.

Idan ciwon bai wuce maraina ba, sau da yawa tiyatar ce kawai, sai a riƙa bibiya da gwajin jini da hoto tsawon shekaru. Kada ka daina zuwa don ka ji garau. Idan ya kai kaluluwar cikin ciki ko huhu, sai a koma ga ƙarin ruwa. Saminoma tana jin maganin gashi da haske ma, wato radiyoterafi.

Yadda aka samo maganin

A 1965 wani masani mai suna Barnett Rosenberg, a wata jami'a ta jihar Mishigan a Amurka, yana gwada tasirin wutar lantarki a kan ƙwayoyin bakteriya. Sai ya ga sun daina rabuwa, suna ta tsawo kawai. Da ya bincika, ashe ba wutar ba ce, wani sinadari ne da ya samu daga ƙarfen filatinam na na'urarsa. Daga nan aka sami maganin sisfilatin. A 1974 Dakta Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiyana ya haɗa shi da wasu magunguna biyu, ya ba samarin da ciwon ya riga ya yaɗu a jikinsu. Kafin lokacin, a cikin irinsu goma da ƙyar ɗaya ke tsira. Yau kusan takwas cikin goma ke warkewa. Gwamnatin Amurka ta amince da maganin a 1978.

Haɗin da ake bayarwa yanzu sunansa BEP: biliyomaisin, itofosaid da sisfilatin. Zagaye uku ne ko huɗu, kowane zagaye kwana 21. Ba zan ɓoye muku ba, yana da wahala kuma yana cin kuɗi. Akwai amai, zubewar gashi, kasala, wani lokaci ƙara a kunne ko dindiris a yatsu, kuma yana taɓa ƙoda, shi ya sa ake haɗa shi da ruwa mai yawa. Gashi yana dawowa. Babban kuskure shi ne tsayawa a tsakiya don ƙullutun ya ɓace, domin ciwon kan dawo da ƙarfi. Idan kuɗi ne matsala, a gaya wa dangi da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin tun farko. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A Amurka, cikin masu wannan ciwo 100, kusan 95 suna raye bayan shekara biyar. Shi ya sa binciken yau ya karkata ga rage wahalar magani, da neman gwajin jini mai gano dawowar ciwon ba sai an yi ta ɗaukar hoto ba.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: ƙullutu, tiyata, matsematsi, sikanin.
2. Idan zagaye ɗaya kwana 21 ne, zagaye uku kwana nawa ne? Zagaye huɗu fa?
3. Daga 1965 zuwa 1978 shekara nawa ke nan?
4. Ƙanenka ɗan shekara 22 ya gaya maka a asirce cewa ya ji ƙullutu marar zafi. Rubuta jimla biyu da za ka faɗa masa.