Babi Na 6: Tabar Wiwi Da Abin Da Take Yi Wa Jiki

Darasi na 1: Mene ne a cikin ganyen

Toh jama'a, kowa ya buɗe littafinsa ya ɗora yatsa a kan layin farko, ba sauri muke ba. Wanda ya riga ya gama layi ya jira na kusa da shi, wanda harafi ya shige masa duhu ya ɗaga hannu, ba abin kunya bane, ai don haka muka taru.

Wannan babin a kan tabar wiwi ne, wadda samari suke ce wa ganye. Na san da yawanku ko riƙe ta ba ku taɓa yi ba, amma kusan kowa a ajin nan yana da ɗa ko ƙani ko jika ko yaron shago da hankalinsa bai kwanta da shi ba, kuma in abu ya faru da tsakar dare a Bolari ko Jekadafari a nan Gombe ku ne a tsaye a kansa kafin a kai ga likita.

Abin da yake bugar da mutum a cikin ganyen wani sinadari ne da likitoci suke rubutawa da manyan harufa uku, THC. Ba a haɗa su kamar kalma, ɗaya bayan ɗaya ake kiransu. Ku rubuta su sau uku a allonku. In an zuƙi hayaƙin, ta huhu yake bi ya shiga jini ya isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintuna. In kuwa dafa ta aka yi a abinci ko a shayi, ta ciki take bi, sai ta ɗauki minti 30 har zuwa awa 2 kafin mutum ya fara ji. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar 2018 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi sun yi bincike, suka samu mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya cikin shekara guda. Ɗigon nan da kuka gani tsakanin 10 da 6 ba datti bane a takarda, ana karanta shi miliyan goma da dubu ɗari shida. Ke nan ba gidanku kaɗai bane, kar kowa ya sunkuyar da kai.

Darasi na 2: In an sha ta wuce kima

Tambayar da aka fi yi min ita ce, Malam wiwi tana kisa? Amsa ita ce da wuya ƙwarai babban mutum ya mutu nan take saboda wiwi zallanta. Amma kar ku tsaya a nan ku rufe littafi, don samari wannan rabin maganar kawai suke ɗauka su tafi da shi majalisa.

In mutum ya sha ta yi masa yawa, zuciyarsa tana bugawa da sauri, gumi ya keto masa, tsoro ya kama shi ba dalili, ya riƙa cewa ana bin sa ko zai mutu, wani ya yi ta amai, wani ya ga abin da babu ko ya ji murya. Wanda ya ci a abinci ya fi shiga wannan halin, saboda ya ci ya jira bai ji komai ba sai ya ƙara, ya sake ƙarawa, can sai duk ta taso masa lokaci ɗaya kuma ta daɗe ba ta sake shi ba. Mai ciwon zuciya kuwa bugun nan kaɗai ya isa ya ja masa matsala.

Babban haɗarin shi ne yaranmu ba zallanta suke sha ba. Ana haɗa ta da tiramol, da kodin ɗin nan na maganin tari da gwamnati ta hana tun 2018, da ƙwayoyin barci. Kodin da ƙwayar barci suna rage numfashi har ya tsaya, tiramol kuma yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Akwai kuma wadda suke ce wa kolos, sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa da hannu, wannan ta fi wiwi ƙarfi nesa ba kusa ba kuma tana kisa. Kai da ka tarar da yaro a kwance ba ka san me ya haɗa ba, don haka ka ɗauka abin babba ne.

In idonsa biyu, yana magana, tsoro ne kawai ya kama shi: a kai shi ɗaki mai iska, a rage mutane, mutum ɗaya ya zauna da shi yana masa magana a hankali. In zai iya riƙe kofi da hannunsa ya sha ruwa da kansa, ba laifi. A karɓe makullin babur. In ya ce ƙirjinsa na ciwo, asibiti.

In kuwa baya cikin hayyacinsa, an kira sunansa an jijjiga kafaɗarsa bai amsa ba, toh ga abin da za a yi, kuma nan ne nake so kowa ya nutsu.

Kwantar da shi ta gefe. Kar a ɗura masa komai a baki.

Ku karanta layin nan da ƙarfi, gaba ɗaya. Ku sake.

Ga yadda ake yi. Ka durƙusa a gefensa. Hannunsa da yake kusa da kai ka miƙe shi waje. Ɗaya hannun ka jawo shi ka ɗora bayan tafin a kumatunsa na ɓangarenka. Gwiwarsa ta nesa da kai ka ɗago ta ta lanƙwashe, ka kama ta ka mirgino shi wajenka a hankali. Sai ka ɗan ɗaga haɓarsa, bakin ya kalli ƙasa kaɗan. Shikenan. Ko mace ɗaya za ta iya mirgino ƙaton saurayi da gwiwar nan, ba ƙarfi ake sawa ba.

Dalili kuwa, mutumin da ya suma baya iya haɗiya kuma baya iya tari. In yana rigingine ya yi amai, aman baya zai koma ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu. In yana ta gefe, aman ƙasa zai zubo. Haka madara, haka manja, haka ruwa, haka rubutu, duk abin da aka ɗura wa wanda ya suma yana iya bin hanyar numfashi. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, uwa ta ga ɗanta a sheme dole hannunta ya nemi abin yi, toh abin yin ke nan, mirgina shi ta gefe.

Duk ajin da na koyar, in muka zo gwaji a kan tabarma sai an samu wanda ya tallafo kan mutum ya ɗora a cinya fuska na kallon sama, wata kuma ta tashi neman kofi. Goggo, ba a cinya ba. Baffa, ba a zaune a jingine da bango ba, kansa zai faɗo gaba ya toshe maƙogwaro. Ta gefe, baki yana kallon ƙasa, ba a ba shi komai. In kun manta duk sauran babin nan ban damu sosai ba, wannan dai kar ya fita.

Bayan an kwantar da shi ta gefe, ka kalli ƙirjinsa ko yana hawa yana sauka. In numfashin yana ja da nisa tsakani, ko yana wani irin minshari mai ƙara, ko leɓensa ya canza launi, ko yana jijjiga, a nemo Keke Napep ko mota yanzu yanzu. Mai jijjiga ba a danne shi, ba a sa masa cokali ko yatsa a baki, a dai kawar da abin da zai buge, in ta lafa a mirgina shi ta gefe. A cikin motar ma ta gefe, wani ya riƙe kan. Ba a barin sa shi kaɗai wai ya yi barci ya wartsake.

Ƙaramin yaro in ya ci abincin da aka sa wiwi, ko da ya ga kamar barci kawai yake ji, asibiti kai tsaye, don jikin yaro baya ɗaukar abin da na babba yake ɗauka kuma numfashinsa yana iya raguwa.

A tafi da ragowar abin da aka gani kusa da shi, kwalba ko takardar ƙwaya ko guntun naɗin. Kuma dan Allah a faɗa wa likita gaskiya. Wallahi abin yana ɓata min rai, a kai yaro ranga-ranga a ce wai zazzaɓi ne ko iska ce ta taɓa shi, likita ya yi ta lalube lokaci na tafiya, duk don kar maƙwabta su ji. Maƙwabtan nan sun riga ku sani.

Aiki: ku rubuta wannan sau biyar. Ta gefe. Ba ruwa, ba madara, ba manja.

Darasi na 3: Tana kama mutum?

Tana kamawa. Masu cewa ganye ne kawai in sun ga dama gobe za su ajiye, a tambaye su gobe nawa ta wuce. Ba kowa take kamawa ba, wannan gaskiya ne. Lissafin da masana suka daɗe suna bayarwa shi ne cikin mutum 10 da suke sha, kusan 1 zai kamu, in kuwa tun yana ɗan saurayi ya fara sai ya koma 1 cikin 6. Ku zana layi shida a ƙasa ku kewaye ɗaya, haka ake karanta 1 cikin 6. Abin da ya sa ta fi kama yara, ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25.

Yadda za a gane: da naɗi ɗaya yana isar sa yanzu sai uku, ya yi rantsuwa ya daina ya koma, kuɗin cefane ko balas ɗin mai babur ya tafi can, an kore shi a wajen koyon sana'a amma bai fasa ba, da safe kafin ya karya sai ya zagaya bayan gida. Wani kuma amai ne yake taso masa lokaci lokaci, ya ga sai ya yi wanka da ruwan zafi yake samun sauƙi, wannan ma aikin daɗewa ana sha ne kuma maganinsa dainawa.

Maganar taɓin hankali kuma, ba duk mai sha ne yake haukacewa ba, amma mai sha kullum, mai shan mai ƙarfi, da wanda a danginsu akwai mai wannan lalurar, su haɗarinsu ya fi yawa. In yaro ya fara magana shi kaɗai ko yana zargin an sa masa guba a tuwo, likitan ƙwaƙwalwa za a nema. Ba duka ba, ba mari ba. Kun dai ji abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019, ɗaruruwan mutane a ɗaure da sarƙa, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu har suna biya. Haba jama'a. Ɗan da kika yi naƙudarsa.

Darasi na 4: In an daina

Wanda ya saba sha kullum in ya ajiye, jiki sai ya nuna. Yana farawa bayan kwana 1 zuwa 3, ya fi tsanani a satin farko, yawanci ya lafa cikin sati 2. Saurin fushi, rashin barci, mugayen mafarkai, rashin cin abinci, gumi, ciwon kai, zama ya gagara. Baffa da ya wuni bai samu goro ba ya san ɗan ƙanƙanin wannan. Barcin shi ne yake daɗewa bai daidaita ba, wani har wata guda ko fiye.

Wannan baya kisa, amma a nan ake komawa. A yi masa haƙuri da faɗan, a ba shi abinci kaɗan kaɗan, ya rage shayi mai ƙarfi da yamma, ya samu aikin da zai gajiyar da shi, ya nisanci majalisar. Kar a sayo masa ƙwayar barci a kemis. In yana haɗawa da ƙwayoyin barci kullum, kar ya yanke su lokaci ɗaya sai da likita, don su yankewarsu tana kawo jijjiga. In ya fara cewa gara ya mutu, ranar za a kai shi asibiti.

Darasi na 5: Ina za a je

Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, a ce ana son ganin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara.

Aikin gida: ku rubuta alamomi uku na wanda wiwi ta kama. Ku koya wa mutum ɗaya a gidanku yadda ake kwantar da wanda ya suma.

Ranar Asabar kowa ya zo da tabarma, za mu sake gwajin, maza ɓangarensu mata ɓangarensu. Waɗanda ba su kawo aikin babi na 5 ba su haɗo da shi.