Yadda ake tsince kurakurai a littafin labari bayan ya shiga kasuwa

Idan littafi ya riga ya fito daga maɗaba'a, gyaran da za a yi masa na bugu na gaba ne, kuma ya kamata a fara shi tun kafin kwafin farko su ƙare a hannun masu sayarwa na Terminus da Titin Bauchi a Jos. A keɓe kwafi ɗaya na takarda domin wannan aiki, a riƙa yi masa alama da jan biro, sannan a buɗe wata takarda daban da za a rubuta lambar shafi da layi da kuskuren da kuma gyaransa. Marubucin shi kaɗai ba zai wadatar ba, domin idonsa yana karanta abin da ke zuciyarsa ne. Ya nemi wanda bai taɓa ganin labarin ba ya karanta masa da murya.

Karatun farko na ƙugiya ne kawai. Sau da yawa ƙ da ɗ da ɓ suna ɓacewa a lokacin da aka kwashe rubutu daga kwamfutar marubuci zuwa ta mai tsara shafuka, kuma na'ura ba za ta nuna laifi ba, tunda fada da faɗa, ko kasa da ƙasa, duk kalmomi ne ingantattu. Karatu na biyu na raba kalmomi ne da haɗe su, inda aka fi yin tuntuɓe: ana rubuta "yana" da "gidansa" a haɗe, amma "sun ce" da "za mu" da "ya gan shi" a rabe suke, haka nan "a kan tebur" ya bambanta da "akan yi". Inda aka yi shakkar rubutun kalma, a duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006.

Wurin da ya fi buƙatar hankali, musamman ga marubucin Jos, shi ne bambance kuskure da muryar taurarin labari. Hausar da ake yi a Dilimi ko Gangare takan yi sassauci wajen jinsi, har a ji mutum ya ce "mota na ne". Idan ɗan acaba ne ya faɗi haka a cikin zance, a bar masa maganarsa, domin mai gyaran da ya mayar da ita "motata ce" ya sauya masa gari ba tare da izinin marubuci ba. Amma idan irin wannan ta kutsa cikin bayanin mai ba da labari, to dole a daidaita ta. A nan ne kuma ake lura da yarinyar da sunanta Hadiza a babi na biyu ta koma Hajara a na tara.

Gyaran da aka tara a shigar da shi cikin ainihin fayil ɗin da aka buga littafin da shi, a kuma sake duba ƙarshen kowane shafi, saboda ƙarin kalma ɗaya kan tura layi zuwa shafi na gaba. Gyaran haruffa bai buƙatar sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, sai dai idan an sauya babi ko an yi ƙari mai yawa, wanda a lokacin za a nemi wata lambar daga Ɗakin Karatu na Ƙasa da hedikwatarsa ke Abuja.