Kurakuran da aka fi yi wajen neman abokan kiɗan fank

Duk mai shirin kafa ƙungiyar fank, wato wani salon kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka, da za ta riƙa fitar da waƙoƙinta na kanta, kusan wuri ɗaya yake yin tuntuɓe. Sai ya bazama neman mawaƙi mai zaƙin murya da ɗan jita mai saurin yatsu, ya bar mai ganga da mai bas (jita mai kaurin murya) sai daga baya, wai ko wa aka samu ya isa. An fara ɗaki daga jinka ke nan. Tun da mawaƙin Amurka James Brown ya daidaita wannan kiɗa a tsakiyar shekarun 1960, nauyinsa a kan bugun farko yake: a kowane zagaye mai bugu huɗu, gangar ƙafa da jitar bas su sauka tare a kan "ɗaya". In mutum biyun nan ba su jitu ba, ko wa ka ɗora a samansu, masu rawa za su koma su zauna.

Saboda haka su za ka fara nema, kuma tare za ka gwada su. Kada ka ce wa mai ganga ya nuna maka abin da ya iya, don zai zagaye gangunan nan kaf ya buga faifan tagulla, kai kuma ka saki baki. Ni ga yadda nake ganin ya dace. Kunna metronom (manhajar ƙidaya bugu) na waya a kan bugu 100 a minti, ka ba shi salo ɗaya tak: ƙafa a kan ɗaya, ƙaramar ganga a kan biyu da huɗu, sanda na yanka zagayen gida goma sha shida. Ya riƙe minti biyar ba ado ba ƙari. Daga nan ka rage ƙarar metronom ɗin na tsawon zagaye takwas, ka dawo da ita. In ya sauka daidai, ka riƙe shi da hannu biyu. In ya riga ta, to a gaban jama'a waƙar da aka fara a 100 za ta ƙare a 115, masu busa su shaƙe, kalmomin mawaƙi su harɗe. Ka kasa kunne kuma ga ƙananan taɓe-taɓen da yake sakawa a ƙaramar ganga tsakanin manyan bugu, waɗanda da ƙyar ake jinsu. Wanda duk bugunsa ƙarfi ɗaya ne bai shigo fank ba tukuna. Mai bas kuwa, abin dubawa shi ne ko ya san inda zai katse sauti ya bar fili. Da yawa sun haddace marin igiya da babban yatsa irin na mai bas ɗin Amurka Larry Graham, amma ba za su iya maimaita layi ɗaya sau hamsin ba tare da sun yi masa kwalliya ba. Ɗauki gwajin a waya, ka saurara washegari, lokacin da ɗoki ya sauka.

Ɗan jita: a ba shi damƙar igiyoyi iri ɗaya da ake kira E9 kaɗai na minti goma, hannun dama na sama da ƙasa ba tsayawa, na hagu na matsewa yana saki. In ya fara hamma ko ya kutsa cikin solo, wato nuna gwanintarsa shi kaɗai, ba naku ba ne.

Mai fiyanon da ya saba da Yamaha PSR a situdiyo, inda na'ura ke yi masa ganga da bas, hannunsa na hagu zai riƙa take wa mai bas ƙafa. A kashe masa kiɗan na'urar, a ga ko zai iya zama a tsakiyar allon fiyanon. Masu busa kuma a bar su sai an tsayar da waƙa biyar ko shida, in ba haka ba zaman jira za su yi ta yi har su gudu. Ƙungiyar fank ta The Meters ta New Orleans da mutum huɗu ta fara, ba mai busa ko ɗaya, kuma ba abin da ya ragu.

Ana kuma kuskuren wurin nema. Sanarwa a Facebook masu sha'awa take tarawa, ba masu hannu ba. A arewacin Najeriya masu ganga da bas da suka goge galibi suna coci-coci da wuraren wasa na Jos, Kaduna da Sabon Garin Kano, masu busa kuma a ƙungiyoyin badujala. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya. Je ka zauna ka kalli mutum yana aiki sau biyu ko uku kafin ka yi masa magana, kuma da ka yi, ka tambayi ranakun da ba ya samuwa. Mai wasan biki duk Asabar yana neman na cefane ne, sabuwar waƙarku kuwa za ta yi watanni ba ta kawo ko sisi ba. Faɗa masa haka ƙarara tun ranar farko.

Sai babbar matsalar, wadda kunya ke haifarwa: kuɗi da mallakar waƙa. Haba jama'a! Mutum biyar su shekara suna atisaye, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ya za a raba, wai kada a ce ya cika son abin duniya. Mu mun saba da tsarin makaɗan gargajiya, inda waƙa ta uban kiɗa ce, shi ke karɓar kyauta ya sallami 'yan amshi da masu kalangu gwargwadon yadda ya ga dama. Wannan tsari ba zai ɗauki fank ba, domin a nan sau da yawa layin bas ko salon ganga shi ne waƙar, kalmomin ba su wuce layi huɗu ba. Wanda ya ƙirƙiro layin ba zai yarda a kira shi yaron wani ba. Manya ma abin ya ci su. A watan Maris na 1970 makaɗan James Brown suka juya masa baya kan kuɗi a garin Columbus na jihar Jojiya, sai da ya ɗauko samari daga Cincinnati, cikinsu har da mai bas Bootsy Collins yana ɗan shekara 18. Bayan wasan da suka yi a birnin Balin na Jamus a 1978 ƙungiyar Fela ta Africa 70 ta dare, kuma rikicin kuɗi na cikin abin da ya raba shi da Tony Allen, mai gangar da ya gina kiɗan tare da shi tun 1964. To ku su wa?

Maganin takarda ce. Ranar da aka kammala waƙa, kafin kowa ya naɗe wayar kayan kiɗansa, a rubuta sunanta, kwanan wata, da kason kowa, a sa hannu, kowa ya ɗauki hoto. Ni rabo daidai wa daida na fi so ga duk wanda yake ɗakin lokacin da aka haifi waƙar, ko da wasu na ganin mai kalmomi ya cancanci ƙari. Kuɗin wasa kuma a raba shi da ƙarin kaso ɗaya: in ku biyar ne a kasa shida, na shidan ya tafi asusun hayar ɗaki, man janareta, igiyoyi da fatun ganga. A rubuta wa ke da sunan ƙungiya in an rabu, da wa ke riƙe da kalmar sirrin shafukanku.

Kada a ɗauki mutum don aboki ne ko ƙanin wani, korarsa sai ta zama rikicin gida. Sabon shiga a ce masa gwaji ne na atisaye uku. A na farko kowa na zuwa da wuri. A na uku ne za ka ga wanda ya saurari abin da aka tura masa a WhatsApp, da wanda ya zo da awa ɗaya a makare, ba sanda, yana tambayar wa ke da aro.