Amai da gudawa a damina: yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga, da yadda ake gyara ruwan sha a gidajen Jos

Da zarar ruwan sama ya kankama a Jos, ruwan kwata da na masai kan bi ta ƙarƙashin ƙasa ya tsiyaya cikin rijiyoyin da ba su da zurfi. A unguwanni masu cunkoso irin su Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos da bakin kogin Dilimi, inda sau da yawa rijiya da masai ke tsakar gida ɗaya, lokacin ne kwalara ke samun ƙofa. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Filato na cikin jihohin da abin ya taɓa. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin mutum miliyan 1.3 zuwa miliyan 4 ke kamuwa duk shekara.

Ƙwayar kwalara a ƙaramin hanji take zama, ta riƙa fitar da dafin da ke sa hanji zubar da ruwa da gishirin jiki. Idan ta yi tsanani, babban mutum na iya zubar da lita guda a awa guda, zawo fari-fari mai launin ruwan wankin shinkafa, galibi ba zazzaɓi. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, kuma tana iya yi tsakanin asuba da la'asar. Inda ake mayar da ruwan a kan kari, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Don haka aikin farko a gida shi ne shayarwa, tun kafin a san ko kwalara ce ko wata gudawar.

Haɗin, da ma'auninsa

Hanjin da kwalara ta kama yana iya tsotsar gishiri muddin akwai suga tare da shi, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa jini. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh, ruwan ƙari ya yi ƙaranci, sai Dakta Dilip Mahalanabis ya koma shayar da marasa lafiya wannan haɗi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Amma abin na aiki ne idan ma'auni ya daidaita.

Mafi kyau shi ne ƙunshin ORS na kemis, domin bayan gishiri da suga yana ɗauke da sinadarin fotasiyam da wani da ke rage tsamin jini, waɗanda gudawa ke kwashewa. A duba jikin takardar: yawanci an yi ta ne don lita ɗaya. Ledar ruwan leda ɗaya rabin lita ce, saboda haka leda biyu cif. A wanke hannu da sabulu, a juye ruwan a kwano mai murfi, a zuba garin duka, a motsa har ya narke. Kada a raba garin biyu da ido don tattali. Ba a samun daidai.

In babu ƙunshin, kuma dare ya yi, a haɗa na gida: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Cokalin a shafe bakinsa da bayan wuƙa, kada a yi masa tozo. A ɗanɗana kafin a ba yaro, gishirinsa kada ya fi na hawaye. A nan ake yawan kuskure, kuma kuskuren na da haɗari. Gishiri idan ya yi yawa yana iya sa jariri jijjiga har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Suga idan ya yi yawa, janyo ruwa yake daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Wannan ne dalilin da ya sa lemon kwalba, maltina da garin gulukos zalla ba sa maye gurbinsa. Haɗin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a yi sabo.

Nawa za a sha

Wanda jikinsa bai nuna alamar bushewa ba, bayan kowane zawo: yaron da bai kai shekara 2 ba, mililita 50 zuwa 100, wato kwata zuwa rabin kofin shayi, daga shekara 2 zuwa 10, rabi zuwa cikakken kofi, babba ya sha iya abin da zai iya.

Wanda idonsa ya fara faɗawa, yana fizgar kofi don ƙishirwa, yana ta rigima, ya riga ya yi asarar ruwan jiki. A ninka nauyinsa da 75, abin da ya fito shi ne mililitar da zai sha cikin awa huɗu. Yaro mai kilo 10 zai sha 750, leda ɗaya da rabi ke nan. Babba na buƙatar lita 3 zuwa 4. Wannan mataki an fi son a yi shi a asibitin unguwa, a gaban ma'aikacin lafiya.

Da cokali ake ba ƙaramin yaro, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, yana zaune a cinya, ba ɗura ba, ba a bulunboti ba. Idan ya yi amai, iyaye da yawa sai su ajiye kofin su ce cikinsa ba ya karɓa. A dakata minti goma, a ci gaba a hankali, cokali ɗaya duk minti biyu zuwa uku. Abin da ke zama a ciki ya fi abin da ke dawowa. Nono kada a tsayar ko na awa ɗaya, a ma ƙara yawan ba shi. Wanda ya fara cin abinci a ba shi kunu, fate, ayaba, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Hana ciki abinci don ya huta yana kai yaro ga tamowa ne kawai.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a haɗa masa da ƙwayar zinc: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. Tana narkewa a cokalin nono ko ruwa. A bayar bayan ya ɗan ci wani abu, don a cikin wofi takan tayar da zuciya. Iyaye da yawa da gudawa ta tsaya a kwana na uku sai su watsar da sauran, alhali cika kwanakin ne ke rage dawowarta a wata biyu zuwa uku masu zuwa.

Lokacin da gida ya gaza

A tsunkule fatar ciki tsakanin cibiya da kwiɓi, a saki. Idan ta haura daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ko mara lafiya ya yi laushi ba ya iya sha, ko fitsari ya ɗauke, ko muryarsa ta dushe, tafin hannu ya yamutse, to ruwan ƙari ta jijiya yake buƙata yanzu. Haka in akwai jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa. A kai shi asibiti mafi kusa da ke iya sa ruwa, kada a tsallake shi a ce sai asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo ko Plateau Specialist, don tazarar kanta na cin lokaci. A riƙe gorar haɗin a cikin Keke, ana ba shi a hanya muddin yana iya haɗiya. Wanda ya suma kada a zuba masa komai a baki.

Maɗigar jariri idan ta faɗa, ruwa ne ya ƙare a jikinsa. Shafe-shafe a ka da danna ganɗa ba sa ɗago ta. Haka cewa haƙori ne ke kawo zawon ya sa an makara da yara da yawa. Mai juna biyu, tsoho, da yaro mai tamowa kada a jira alamu su cika, a tafi tun farko.

Maganar Flagyl da kafson ja-da-yalo kuwa: Flagyl ba ya kashe ƙwayar kwalara, kuma babu kafso da ke mayar da ruwan da ya zuba. Akwai maganin da likita ke bayarwa ga masu tsanani don rage kwanakin cutar, bayan an fara ƙarin ruwa. Maganin tsayar da zawo irin loperamide ba a ba yara.

Ruwan sha

Tafasawa ta fi komai tabbas. Jos na kan tudu kimanin mita 1,200, amma duk da haka minti ɗaya ruwa yana ɓararraka ya wadatar. Matsalar tsadar gawayi da gas ce, shi ya sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya fi sauƙi ga gida mai yawa. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 na gyara lita 20 na ruwa garau. Akwai masu wani ƙarfin daban, don haka a karanta takardar, kuma a lura jarkar 'yan ga-ruwa wata lita 20 ce wata 25. WaterGuard, wato kulorin na ruwa-ruwa, da murfinsa ake aunawa, bisa abin da aka rubuta a kwalbar. A zuba, a rufe, a girgiza, a jira minti 30 cikakku. Ɗan warin kulorin da ke saura shi ne shaidar ruwan na da kariya.

Ruwan da ya gurɓace da laka yana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. A fara tace shi da tsohon zani mai tsabta da aka ninka huɗu, ko a sa alif ya kwanta a tsiyaye na sama, sannan a sa kulorin; in har yanzu da duhu-duhu, a ninka ma'aunin. Alif kwantar da datti kawai yake, ba ya kashe komai. Ruwan tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru da Rayfield, duk garau ɗinsa, ba na sha ba ne sai an gyara.

Ruwa da yawa a gida yake lalacewa bayan an gyara shi: randa a buɗe, moɗa a ƙasa, yara na tsoma hannu har wuyan hannu. A zuba na sha a jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo. In randar ce dole, a rufe ta, a rataye moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita. Guga ma a rataye shi. Mai haƙa sabuwar rijiya ya bar aƙalla mita 30 tsakaninta da masai, rijiyar ta kasance ta sama da gangare, a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti da murfi.

Kabeji, latas da karas na Farin Gada a wanke su da ruwan da aka gyara. Lokacin ɓarkewa dai gara dafaffe da zafinsa. Wanke hannu kafin cin tuwo a riƙa zubawa da buta, da sabulu ko toka, maimakon kowa ya tsoma a kwano ɗaya.

Gidan da aka samu mara lafiya

Yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya, amma suna fitar da ita a bayan gida har kwana 10, don haka duk gidan a ɗauke shi kamar ya kamu. A duba kwalbar bilic. In an rubuta 3.5%, kofi ɗaya cikin kofi 16 na ruwa don goge ƙasa, tabarmar roba, fo da jiƙa zannuwa minti goma kafin wanki. Amai da kashi a zuba musu mai ƙarfi, kofi huɗu na bilic da uku na ruwa, a bari ya jima kafin a juye a masai. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙinsa guba ne, kuma kada a yi wankin a bakin rijiya ko rafi. Kashin jarirai ma masai za shi, ba kwata ba.

Riga-kafi ba ya cikin abin da gida zai saya: ɗigon kwalara gwamnati ke kawowa lokacin ɓarkewa, kuma a Oktoba 2022 ƙarancinsa a duniya ya sa aka koma ba da zagaye ɗaya maimakon biyu. Ɗigon rota na jarirai, wanda ya shiga jadawalin Najeriya a 2022, ana ba da shi kyauta a sati 6, 10 da 14. Yana kare wata gudawar ce, ba kwalara ba.

Babba ko yaro da ya kai shekara biyu idan ya yi zawon ruwa mai tsanani, ko mutum biyu suka kwanta a layi ɗaya, a sanar da asibitin unguwa da mai unguwa a ranar, ko a kira lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232. In an yi rashi, gawar na ɗauke da ƙwayar: mutum kaɗan su yi wankan da safar hannu, bisa jagorancin ma'aikatan lafiya, ruwan wankan a zuba a rami nesa da rijiya, a gaggauta jana'iza. Waɗanda suka yi wankan kada su taɓa girki ko rabon ruwa a zaman makoki ranar.