Babi na Bakwai: Injin Yankan Ciyawa Mai Zare, Na Fetur Ko Na Batir?

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Sannunku da ƙoƙari. Na san yawancinku daga wurin aiki kuke zarcewa aji bayan sallar isha, wasu daga istirahohin hanyar Jumum, wato gidajen shaƙatawa masu lambu, wasu daga gonakin Wadi Fatima, akwai ma masu saukowa daga Ta'if a ƙarshen mako. Ku kuka nemi a yi wannan babi, domin da yawanku aikin lambu ne abincinku a nan Makka da kewaye, kuma mai gida yakan miƙa wa mutum kuɗi ya ce je ka sayo inji. Za mu bi shi a hankali. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu kunya a neman sani.

Darasi na 1: Mu san injin

Injin nan sanda ce doguwa. A ƙarshenta na ƙasa akwai wani kai mai juyawa, a cikinsa an naɗe zaren roba mai kauri, irin na kamun kifi amma ya fi shi ƙarfi. Zaren ba shi da kaifi. Tsananin gudun juyawa ne yake sa ya tsinke ciyawa. Aikinsa shi ne wuraren da babban injin turawa ba ya shiga: gindin katanga, gefen daɓe, ƙarƙashin dabino, bakin hanyar ruwa.

Iri biyu za mu duba. Ɗaya yana shan fetur, wanda a nan muke ce wa banzin. Ɗaya kuma yana aiki da batir da ake caji. Mu karanta tare, gaɓa gaɓa: in-ji, za-re, fe-tur, ba-tir, ca-ji. Ku rubuta kowace kalma sau uku a littafinku.

A jikin kwali akwai lambobi da haruffa. Idan ka ga lamba da cc a bayanta, kamar 25cc ko 43cc ko 52cc, na fetur ne, kuma lambar girman injin take faɗa. Idan ka ga lamba da harafin V, kamar 18V ko 36V ko 40V, na batir ne. Harafin V shi ne mai kama da bakin gwafa. Ka neme shi da yatsanka kafin ka tambayi mai shago komai.

Darasi na 2: Wanne ya dace da kai?

Kafin ka fita daga gida, ka tsaya ka dubi wurin da za ka yi aikin. Idan tsakar gida ce ko ɗan lambun gaban gida wanda za ka gama a cikin rabin awa, shawarata na batir. Ba ya hayaƙi, ƙararsa kaɗan ce, ba zai tashi maƙwabta da sassafe ba, kuma maɓalli kawai za ka danna ya tashi. Ya fi sauƙin ɗauka, abin da dattawan cikinmu masu ciwon kafaɗa za su ji daɗinsa. Matsalarsa ita ce batir yana ƙarewa. Batir ɗaya yakan yi minti ashirin zuwa arba'in, gwargwadon girmansa da kaurin ciyawar, daga nan sai ka zauna jiran caji, sai fa in kana da na biyu.

Idan kuwa gona ce, ko istiraha uku huɗu kake zagayawa a yini, ko ciyawar ta yi tauri ta haɗu da ƙaya, to na fetur ne abokin aikinka. Man ya ƙare, ka ƙara, ka ci gaba. Kuɗin man ma ba shi ne abin damuwa ba, tun watan Yulin 2021 aka tsayar da litar banzin 91 a kan riyal 2.18. Sai dai yana da nauyi, yana da ƙara, yana girgiza hannu, yana son a duba masa fulogi da matatar iska, musamman a ƙurar nan tamu.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi girman fili muhimmanci a wurina, kuma ita nake so kowa ya yi wa kansa tsakani da Allah: zan iya auna baƙin man da ake haɗa wa fetur daidai kowace rana, ko ina gajiye, ko ina sauri? Idan amsar a'a ce, ka sayi na batir ka ƙara batir na biyu, ko ka nemi na fetur irin wanda ba a haɗa masa mai, wanda ake rubuta wa lamba 4, wato 4-stroke, kamar injin Honda GX35. Shi wannan fetur tsantsa yake sha, baƙin mansa yana da nasa wuri daban, kamar na mota. Amma yawancin waɗanda za ka gani a kasuwa masu lamba 2 ne, wato 2-stroke, waɗanda ake haɗa wa mai, kuma su ne darasi na gaba.

Darasi na 3: Haɗa mai

A nan ne nake roƙon ku tattaro hankalinku gaba ɗaya. Duk injin da ɗalibaina suka kawo mini labarin ya mutu, in an bi diddigi, kusan kullum a nan aka yi kuskuren.

Injin mai lamba 2 ba shi da wurin zuba baƙin mai. Man da zai sa ƙarafan cikinsa su yi santsi a cikin fetur ɗin ake zuba shi. Waɗanda suka zo daga gida sun san ƙaramin janareta da ake haɗa wa mai, to haka wannan yake. Idan ka zuba masa fetur tsantsa, zai tashi lafiya, zai yi aiki na ɗan lokaci kamar babu komai, sannan fistin ya yi zafi ya kame, inji ya buga. Gyaransa wani lokaci ya kusa kuɗin sabo.

Da farko ka nemi lambar haɗi. Tana kan murfin tanki, ko a jikin tankin, ko a cikin ɗan littafin da ya zo da injin. Lambobi biyu ne da ɗigo biyu a tsakaninsu, kamar haka: 50:1. Ma'anarsa kashi hamsin na fetur, kashi ɗaya na mai. Injinan Stihl da Husqvarna 50:1 suke so. Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi kuwa 25:1 aka rubuta musu, wasu 40:1. Kada ka ɗauki lambar injin abokinka ka ɗora wa naka. Ka karanta ta naka da idonka.

Ga wani abu da ya sha ruɗa mu a aji. A nan Saudiyya lambobin Larabci da na boko suna cakuɗe a jikin kaya. Biyar ta Larabci zagayayya ce, ٥, tana kama da sifilin boko. Sifilin Larabci kuma ɗigo ne kawai, ٠. Saboda haka hamsin a Larabci ita ce ٥٠, ashirin da biyar ٢٥, ashirin kuma ٢٠. Ku lura kuma da ٢ da ٣, haƙori ɗaya ne ya raba su. Wani dattijo a ajin bara ya karanta ٢٠ a matsayin 2 saboda bai ga ɗigon ba, kuma ba laifinsa ba ne, rubutun ƙanana ne. Idan idonka bai gani sosai, ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi.

Yanzu awo. Ku rubuta da manyan baƙi:

50:1, lita 1 ta fetur, mililita 20 na mai.
50:1, lita 5 ta fetur, mililita 100 na mai.
40:1, lita 1 ta fetur, mililita 25 na mai.
25:1, lita 1 ta fetur, mililita 40 na mai.
25:1, lita 5 ta fetur, mililita 200 na mai.

A jikin kwalba ana taƙaita mililita da haruffa biyu, ml. Mu maimaita layin farko tare da murya: hamsin da ɗaya, lita ɗaya, mililita ashirin. Sake faɗa. Hamsin da ɗaya, lita ɗaya, mililita ashirin. Madalla. Ku lura da wani abu da ke juya wa mutane kai: idan lambar farko ta yi ƙasa, man da za a zuba ƙaruwa yake yi. 25 ta fi 50 ƙanƙanta, amma man da ake zuba mata ya ninka. Kada ka ce tunda lambar ƙarama ce sai in rage mai.

Da me za ka auna? Da sirinji babba mai 20 ml, wadda ake samu a kowane kantin magani da kuɗi kaɗan, ko da kwalbar awo mai layuka da takan zo tare da wasu injina. Sirinji ɗaya cike ga lita ɗaya, idan naka 50:1 ne. Sirinji biyu cike ga lita ɗaya, idan 25:1 ne. Ɗaya ga hamsin, biyu ga ashirin da biyar.

Wane mai? Wanda aka rubuta 2T a jikin kwalbarsa. Lamba biyu da harafin T. Man mota bai yi ba, ko da sabo ne fil. Mutanen Jidda ku ƙara kula, domin a can ana sayar da man injin jirgin ruwa, mai rubutun TC-W3, shi ma na injin lamba 2 ne amma an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyaya shi, naka kuwa iska ce ke sanyaya shi. Fetur kuma, a gidan mai akwai 91 mai koren famfo da 95 mai ja. Na koren ya wadatar da yawancin waɗannan injina.

Ga yadda ake haɗawa. Ka samu jarkar da aka yi don fetur. Ka zuba rabin fetur ɗin. Ka auna mai da sirinji ka zuba. Ka rufe ka girgiza. Ka ƙara sauran fetur ɗin, ka sake girgizawa. Sai yanzu za ka zuba a tankin inji. Ba a haɗawa a cikin tanki. Kuma duk lokacin da za ka ƙara wa inji, ka sake girgiza jarkar tukuna.

To bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Makon jiya na tambayi aji da me ake aunawa, mutum uku suka ce da murfin kwalba, ɗaya ya ce shi da ido yake yi, wai ya saba. Haba Malam! Sau nawa za mu faɗa? Murfin wannan kwalba ba ɗaya yake da na waccan ba, ido kuma ba ya ganin mililita. Mai ya yi kaɗan, inji ya buga. Mai ya yi yawa, inji ya dinga hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, ka yini kana jan igiya bai tashi ba. Sannan mai gida ya cire kuɗin gyara a albashinka, ka zo kana cewa an sayar maka da jabu. Sirinjin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba ne ya gagare ka saya? Ina faɗar haka ne don na ga yadda guminku ke tafiya a banza, kuma ba na so.

Mu sake, ba gajiya. Me za ka fara nema? Lambar haɗi a murfin tanki. Wane mai? 2T. Da me za ka auna? Sirinji. 50:1, lita ɗaya, nawa? Ashirin. 25:1, lita ɗaya, nawa? Arba'in. A ina za ka haɗa? A jarka.

Ka rubuta ranar da ka haɗa a jikin jarkar, wannan ma gwajin rubutu ne. Haɗin da ya wuce kwana 30 kada ka yi aiki da shi, yana lalacewa ya toshe kafireta, don haka ka haɗa daidai abin da za ka ƙarar. Kuma don Allah kada a zuba shi a gorar ruwan sha, ballantana ta zamzam. Akwai yara a gidajen da kuke aiki.

Darasi na 4: Batir da zafi

A jikin batir, ban da V, akwai wata lamba da Ah a bayanta, kamar 2Ah ko 5Ah. Ita ce girman cikinsa. Mai 5 ya fi mai 2 daɗewa. Ka tambayi mai shago ko batir da caja suna cikin kwalin, domin sau da yawa inji kaɗai ake sayarwa. Yawanci batirin kamfani ɗaya ba ya shiga injin wani. Idan kana da na'urar huda bango ta Makita mai 18V, ka duba injin ciyawarsu mai 18V, yawanci batir ɗaya zai yi maka duka biyun.

Babban abokin gabar batir zafi ne, kuma kun san Makka da rani, ma'auni yakan haura 40. Kada ka bar shi a mota a rufe, kada ka bar shi a rana. Idan ka cire shi da zafi, ka bari ya huce a inuwa kafin ka sa caji. Dama doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Lokacin caji ke nan, a cikin ɗaki.

Darasi na 5: Zare da kariya

Kaurin zare da mm ake rubuta shi, wato milimita. Ƙananan injinan batir 1.6 ko 2.0, na fetur 2.4 zuwa sama. Ka sa wanda aka rubuta wa injinka. Idan zare ya bushe yana yawan karyewa, ka jiƙa shi a ruwa ya kwana.

Tabarau, takalmi rufaffe, dogon wando, abin toshe kunne ga mai na fetur. Mutane su yi nesa da kai da mita 15, domin zaren yana harba tsakuwa. Ka kula da tiyon ban ruwa da bawon ƙananan itatuwa. Kada ka ƙara fetur inji na da zafi.

Darasi na 6: Aikin gida

Ka kwafo lambar haɗin injin wurin aikinka, da boko da Larabci. A ƙarƙashinta ka rubuta mililita nawa za ka zuba a lita 3. Ranar Asabar kowa ya zo da sirinjinsa, za mu gwada da ruwa.