Fayif ɗin birki a manyan motoci: kurakuran da na gaji da gani

Mutum zai kwashi miliyoyi ya sayi Prado ko 4Runner ko Hilux, ya zagaye ta yana shafa fenti, ya kunna AC ya tara hannu ya ji sanyi, ya tambaya ko fowil ɗinta na shiga, amma ko sau ɗaya ba zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ba. Alhali can ƙasan akwai wani siririn fayif na ƙarfe, kaurinsa 3/16 na inci, ya taso daga masta, wato famfon da ke tura man birki, ya bi jikin shasi har tayoyin baya, kuma duk sanda ka taka birki da ƙarfi matsin man da ke cikinsa kan wuce PSI 1,000. Iskar da mai faci ke sa maka a taya 35 ce ko 40, sai ka kwatanta. Wannan fayif ɗin ne mutanenmu ke wa riƙon sakainar kashi, daga masu motar har kanikawan.

Babban kuskure shi ne faci. Fayif ya fara yoyo, sai bakanike ya ce maka Oga ƙaramin abu ne, ya yanke wurin da ya ci tsatsa, ya aiki yaro wajen masu gyaran firij a karɓo guntun fayif na jan ƙarfe, a kai wa mai waldar gas ya liƙe, a zuba mai a fitar da iska, ka taka ka ji ya cika, ka biya ka tafi kana murna ka yi arha. Wallahi ba arha ka yi ba. Wutar walda tana ƙone rufin da kamfani ya yi wa ƙarfen don kada ya yi tsatsa, tana kuma sa wurin ya yi laushi, shi ko jan ƙarfe zalla ba ya jure jijjiga, yana ta ƙanƙamewa yana taurarewa har ranar da zai tsage. Kuma ba a gareji zai tsage ba, sai ranar da ka taka da dukkan ƙarfinka, don ranar ce matsi ke kaiwa ƙarshe.

Ni wannan aikin ya ci mani kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Direbana ya kai Hilux ɗina gyaran yoyo a cikin Katsina ba na nan, aka yi mata irin wannan ɗinkin, ba wanda ya gaya mani. Tana tafiya lafiya lau har ranar da ya ɗauko taki zai kai Daura, ya shigo Mashi ana cin kasuwa, amalanken shanu ya fito titi, ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Birkin gaba ya ɗan kama amma ina, mota da kaya. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, sai dai na biya sa guda da ya karye, na sayi lagireto da bamba da fitilu. Da na shiga ƙarƙashinta da tocila sai ga wurin, daf da waldar, ƙarfen ya yi baƙi-baƙi da shuɗi saboda wuta, tsagewar ko tsawon farce ba ta kai ba, mai na ɗiga a kan sifirin. Na koma wajen mai gyaran, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, wa ya musa, amma kai ka riƙe kan waldar da hannunka.

Ƙanin wannan kuskuren ma ya fi shi muni, wato toshewa. Taya ɗaya na yoyo, sai a lanƙwashe fayif ɗinta a daddake da guduma ko a cusa ƙusa a bakin nati, a ce je ka haka birki uku ma ya isa. In a daji ne tsakanin Zango da Baure dare ya yi, ka lallaɓa da giya ɗaya ka iso gari, na fahimta. Amma na ga motar da ta yi damina guda a haka, mai ita ma ya manta, kullum yana ƙorafin tana fizgar sitiyari gefe guda in ya taka. To me zai hana ta fizga?

Abin da nake yi yanzu, kuma na san wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce, in fayif ya yi yoyo ana cire shi ne gaba ɗaya daga nati zuwa nati a sa sabo, in kuma tsatsa ce ta cinye shi to maƙwabtansa ma su tafi, don tare suka sha ruwan. In babu a Katsina gara in aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano mota ta kwana biyu a ajiye. Na ƙarfe mai rufi nake so, ko wanda aka haɗa jan ƙarfe da nikel, shi wannan daban yake da na firij, don birki aka yi shi kuma ba ya tsatsa. Sannan a duba bakin fayif ɗin da kyau, motocin Japan bakinsu mai ninki biyu ne, yawancin na Turai kuma mai ɗan kumburi ne, natin zai iya ɗauruwa ka zaci ya zauna alhali bai zauna ba.

Na biyu da ke ƙona mani rai shi ne sayen mota 'yar Amurka ba a hau da ita rami ba. Mu nan ba mu san ƙanƙara ba, to su can arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsa wa titi lokacin sanyi don ta narke, ruwan gishirin nan yana maƙalewa a saman tankin mai da ƙarƙashin 'yan maƙalan da ke riƙe fayif, wurin da ido ba ya kaiwa. Motar ta iso Kwatano a fesa wa ƙasanta baƙin fenti ta yi ƙyalli, kai kuma ka ga baƙi ka ce sabuwa fil. Ni baƙin fenti sabo a ƙarƙashin tsohuwar mota tsoro yake ba ni. Sa farce ko bakin sukundireba ka ɗan kankare fayif ɗin a hankali, in ka ga yana ɓarewa fallen-fallen ko ya yi ƙuraje to ka cire kuɗin sabbin fayif daga farashi, ko ka bar musu kayansu.

Su can abin har kiranye kamfanoni ke yi a kansa, wato su ce a dawo musu da motoci su gyara. A 2014 Subaru ta kira motoci sama da 660,000, irin su Outback da Forester, saboda tsatsar fayif ɗin birki a jihohin da ake zuba gishiri. Toyota kuma a 2016 ta amince da sasanci kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia, kuma jikin shasin nan dai fayif ke bi. Lambar VIN ɗinka, harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, in ka sa ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kyauta za ta nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba. Kada dai ka sa rai wani zai gyara maka kyauta a Ƙofar Ƙaura, amfaninsa ka san inda za ka haska tocila. Kuma kada ka ga shafin ya fito wayam ka ce shi ke nan, hukumar ta yi shekaru tun 2010 tana binciken manyan motocin kamfanin General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003 kan tsatsar fayif ɗin birki, a 2015 ta rufe ba tare da kiranye ba, ta ce masu motoci su riƙa wanke ƙasansu suna dubawa.

Masu Hilux kada ku yi dariya wai taku ba daga Amurka ta zo ba. Takin zamani da kanwa da gishirin da kuke lodawa, buhu ya fashe ruwan sama ya wanke shi zuwa ƙasa, aikin iri ɗaya ne. Ga taɓon fadama da ke bushewa a jikin shasi ya riƙe laima wata da watanni. A wanke ƙasa dan Allah, ba sama kaɗai ba.

Sauran ƙanana ne amma suna kashe mutum. Ruwan omo a madadin man birki, ban ma san ta ina zan fara ba, ruwa a digiri 100 yake tafasa alhali man birki mai lamba DOT 3 sabo sai ya wuce 205, DOT 4 kuma 230, ga tsatsa ta ciki da zai haifar. Man giya ko baƙin mai kuwa kumbura robobin masta da kalifa, wato abin da ke matse birki a taya, suke yi. DOT 5 ba a haɗa shi da 3 ko 4. Robar man da aka buɗe aka ajiye a but tun bara zubar da ita, man birki yana zuƙar laima daga iska, ni duk shekara biyu nake juye shi gaba ɗaya. Wanda kullum yake ciko bai taɓa tambayar ina man ke zuwa ba, shi ma yana layi.

Masu ɗaga mota da dogon sifirin don ta yi kwarjini, tiyon robar da ya sauko zuwa aksul ɗin baya bai ƙara tsawo ba, ranar da taya ta faɗa rami shi zai riƙe nauyin. A sa dogo. Tiyo in ya tsattsage ko ya yi ƙulu in an taka, a canza, kuma kada a murɗe shi wajen ɗaurawa. In taya ɗaya na zafi tana riƙewa bayan ka saki birki, kafin ka sayi kalifa duba tiyon, yakan ruɓe ta ciki ya hana mai komawa.

Natin fayif ba a kwance shi da filaya, akwai sifana lamba 10 mai ɗan tsagu da aka yi dominsa, in yaron gareji ya ɗauko filaya karɓe. Wajen fitar da iska ni daga taya mafi nisa da masta nake farawa, wato ta baya hannun dama, kuma tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya kusa da aksul mai daidaita birki da nauyin kaya, shi ma yana da nasa bakin fitar da iska, yawanci mantawa ake da shi sai a yi ta mamakin me ya sa birki ke laushi. Kafin ka fita daga garejin, mota a kunne ka danne birki da ƙarfi ka riƙe kamar rabin minti, in ƙafarka na nutsewa a hankali a mayar da ita kan rami.