Yadda zaka riƙa duba shagonka da waya ba sai ka je da ƙafarka ba

Wannan na masu shago ne da ba su ke zama a ciki kullum ba. Misali a Legas, kana da shagon kayan masarufi a Agege, kana da wani a Idi-Araba ko wajen Mile 12, ka zuba yara, kai kuma kana can kana fama da sari a kasuwar Oke-Arin ko ma ka tafi gida Arewa hutun sallah. Kowa dai ya san garin nan, daga Agege kaje Alaba Rago ka dawo to ranar ta tafi kenan a gosulo, kuma tunda aka hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Mainland da Island a watan Yunin 2022 babu zancen ka ɗare mashin ka leƙa shago ka dawo yanzu-yanzu. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar mutane a 2024 ya ɗan rage wa masu bin Agege zuwa Oyingbo wahala, amma ai jirgi ba zai ƙirga maka katan ba.

To wayar da ke aljihunka zata iya, in ka tsara mata aikin. Amma kafin maganar waya sai mun fahimci menene duba shagon ma, dan da yawanmu abinda muke kira dubawa shine ka shiga ka kalli kanta kaga a cike take, ka tambayi yaro ya kasuwa yace alhamdulillah Alhaji, ka karɓi ciniki ka fita. Wannan gaisuwa ce. Duba shago lissafi ne guda ɗaya tak: abinda ke nan da farko, ka haɗa da abinda ya shigo, ka cire abinda aka sayar da wanda aka bayar bashi da wanda ya lalace, abinda ya rage a lissafi dole ya yi daidai da abinda ido ke gani a kanta da sito. Misali ranar Litinin akwai katan 10 na Indomie ƙarama mai guda 40 a ciki, Laraba aka kawo 15, zuwa Asabar an rubuta an sayar da 18, kaga ya kamata a tarar da 7. In aka tarar da katan 6 da guda 25, to guda 15 sun yi ƙafa, kuma nan ne tambaya take. Duk manhajar da wani zai tallata maka wannan lissafin take yi, ba wani sihiri a ciki.

Kar ka ce zaka ƙirga komai duk sati, ba zai ɗore ba wallahi, sati biyu zaku yi ku watsar. Zauna ka zaɓi kaya kamar 20 ko 25 da kasan sune kuɗinka ke kwance a ciki ko sune suka fi saurin fita, shinkafa, man gyaɗa, madarar gwangwani, taliya, sukari, lemon roba, katin waya in kana sayarwa. Su za a riƙa ƙirgawa duk sati. Sauran tarkacen irinsu ashana da cingam a bari sai ƙarshen wata ko bayan wata uku.

Sai ka buɗe guruf a WhatsApp, kowane shago da nasa, kai da yaron shagon da wanda ke kai kaya kawai. Guruf ɗin na aiki ne, ba a turo barka da Juma'a ba a turo bidiyon siyasa, dan ranar da zaka nemi hoton rasit na wata biyu baya kar ka yi ta ja kana wuce abinda bai shafe ka ba. Ka shiga saitin guruf ka tabbatar saƙo mai ɓacewa da kansa a kashe yake, kuma kar ka karɓi hoton nan na kallo sau ɗaya, shaida ce muke tarawa ba gulma ba.

Maganar hoto nan ne aka fi yin wasa da mai shago, dan haka zan ɗan daɗe a kai. Hoton kanta a cike ba ya nuna komai in baka san yaushe aka ɗauke shi ba, ana iya turo maka na satin da ya wuce. Akwai manhajojin kamara kyauta a Play Store da ke buga rana da lokaci da sunan unguwa a jikin hoton, a sauke ɗaya a wayar shago. Amma ka sani ita ma ana iya murɗa agogon waya, shi yasa ni na fi yarda da hanyar gargajiya: lokacin da kake so a ɗauka sai ka turo wata kalma ko lamba da ta faɗo maka a rai, kace a rubuta "goro 47" a takarda a jingina jikin katan ɗin a ɗauka, a turo cikin minti goma. Wannan ba a yin ta da tsohon hoto. Sannan a riƙa tsayawa wuri ɗaya kullum wajen ɗauka, ɗaya daga bakin ƙofa, ɗaya kantar dama, ɗaya ta hagu, ɗaya cikin sito, ɗaya cikin firiza a buɗe, ta haka in ka jera na wannan satin da na wancan idonka zai kama bambanci da kansa. In rasit ne ko takardar kamfani mai ƙananan rubutu, a turo shi a matsayin fayil ba hoto ba, dan WhatsApp na matse hoto har lamba 3 ta koma kamar 8.

Kuma katan a jere yana yaudara. Na gaba a cike na baya fanko, tsohuwar dabara ce. Dan haka lokaci-lokaci kira bidiyo ba tare da ka sanar ba, kace Sani ɗaga min na uku daga ƙasa, buɗe shi, girgiza wancan galan ɗin in ji. Gani ya kori ji. Minti biyar ya isa, kuma kar ka sa masa rana ɗaya tsayayya, yau Talata da safe wani satin Asabar bayan la'asar.

Ga wani abu da nake ganin yafi duk sauran muhimmanci kuma mutane basa yi. Wanda zai ƙirga kar ya san adadin da kake tsammani. In kace masa "katan 7 ne ya kamata su rage ko?" to 7 zai ce maka, ba lallai dan ha'inci ba, wani lokacin gajiya ce kawai da son a gama. Kace ƙirga ka faɗa min nawa ne, shikenan, kai ne zaka gwada da lissafinka. In da hali ma a musanya, yaron shagon Agege yaje ya ƙirga na Idi-Araba, na can yazo nan.

Ina za a rubuta? Matakin farko mai sauƙi shine Google Sheets, kyauta ne, kamar littafin lissafi ne mai layi-layi a waya. Layin farko sunan kaya, sai farkon sati, wanda ya shigo, wanda ya fita, wanda ya kamata ya rage, wanda aka ƙirga, sai bambanci. Ka samu wani ɗalibi ko mai shagon kwamfuta ya saka maka lissafin sau ɗaya yadda zai riƙa haɗawa da cirewa da kansa, aikin minti ashirin ne kar a caje ka da yawa. Daɗinsa yana ajiye tarihin gyara, in wani ya canja 12 ya mayar 10 za a iya gano da wane akawun da wane lokaci, a kwamfuta aka fi ganin wannan sosai. Shi yasa kowa ya shiga da nasa Gmail ɗin, kar a yi tarayya a ɗaya. Shi yaro kuma ba sai yaga shafin duka ba, ka yi masa fom a Google Forms da tambayoyi da Hausa, shinkafa buhu nawa, madara katan nawa da guda nawa, yana cikewa amsar na faɗawa shafinka da lokacin da ya tura.

Matsalar fom ɗin Google sai da netwok, kuma duk wanda ya taɓa shiga can cikin kasuwa ƙarƙashin rumfunan kwano ya san yadda sabis ke ɗaukewa. In haka wurinka yake to akwai KoboCollect, irin wadda ƙungiyoyin agaji ke tattara bayanai da ita a ƙauyuka, ita tana aiki ba data, a cike fom a ɗau hoto ta ɗau wurin da mutum ke tsaye, in an fito inda sabis yake sai a tura. Haɗa fom ɗin ta yafi na Google ɗan wahala, sai an shiga shafin KoboToolbox, amma mai shago uku huɗu ya cancanci ya sha wannan wahalar sau ɗaya. Mai tebur ɗaya a bakin masallaci kuwa WhatsApp da littafi sun ishe shi, kar ya ɗora wa kansa.

Zanen layi-layin nan da ke bayan kaya, bakod, kamarar waya na karanta shi. Yawanci lamba 13 ce a ƙasansa, kowane kaya da girmansa da tasa lambar, dan haka ba za a rikita madara babba da ƙarama ba. Manhajar kanti irin Loyverse tana da na kyauta, ana haska kaya ta cire shi daga adadin da ke sito. Tana da kyau in shagon irin na zamani ne da kwastoma ke ɗauka yazo kanta ya biya. Amma shagon da mutum biyar ke miƙo hannu lokaci ɗaya, wannan na cewa bani Maggi na ɗari wannan na neman canji, yaro ba zai tsaya haskawa ba, kuma in rabin ciniki bai shiga ba to lissafin manhajar ya zama ƙarya mai kyan gani. Ka dubi shagonka tukuna. Wani abu kuma, lambar da ta fara da 615 tana nufin an yi mata rajista a Najeriya ne kawai, ba hujja bace cewa kayan ba jabu bane, wannan sai ka duba lambar NAFDAC da kuma wurin wanda ka sara.

Kayan awo su bakod bai san da su ba. Buhun shinkafa kilo 50 ne a rubuce, amma derika, wato gwangwanin awo, nawa ke fita a ciki ya danganta da hannun mai awo da irin tozon da yake yi, haka wake haka garin kwaki a robar fenti. Kar ka ɗauki adadin da ka ji a bakin wani. Ka fasa buhu ɗaya a gabanka ko a bidiyo, a auna shi da gwangwanin shagon har ƙarshe, abinda ya fito shine ma'auninka, ka bar ɗan rara saboda zuba da gyara da ake yi wa kwastoma. In aka canja kamfanin shinkafa a sake gwadawa.

Yanzu kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS, kuma ga mai duba shago wannan alheri ne dan komai na barin sawu. Moniepoint ne ko OPay ko PalmPay, manhajar ta kasance a wayarka kai mai shago, duk dare ka gwada abinda ya shiga da abinda yaro ya rubuta, tsabar kuɗi kuma a ƙirga a ɗau hoton adadin a rubuce kafin a rufe. Doka ɗaya da ba sassauci: ba a karɓar kuɗin shago a akawun yaro, ko netwok ya ɗauke ko me, dan daga nan lissafi ke cakuɗewa har shi kansa ya kasa bambance nasa da naka. Kuma a koya masa saƙon alat ko hoton rasit da kwastoma ya nuna a wayarsa ba shine kuɗi ba, sai an gani a cikin manhaja ko injin ya nuna, masu alat na bogi suna nan suna yawo musamman da magariba lokacin cunkoso.

Bashi kuma hanji ne, kowane shago akwai shi, mai shayi ya ɗauki madara da burodi sai dare, maman wane sai ƙarshen wata. Ba hanawa zaka yi ba, rubutawa za a yi nan take a guruf, suna da kaya da adadi, ko da saƙon murya ne in yaron rubutu na masa wuya. Giɓi da yawa da ake ɗora wa yara a matsayin sata bashi ne da aka manta.

Shi yasa in bambanci ya fito kar ka fara da faɗa, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A sake ƙirgawa tukun. A duba ko mai kawo kaya ya kawo 14 aka sa hannu a 15, wanda shi yasa ake ɗaukar hoton kaya da takarda tun suna kan mota ko baro kafin a shiga da su. A duba ko ɓera ne, ko ruwan Yuni da Yuli ya shiga sito ya jiƙa na ƙasa, dan danshin Legas ba irin na Kano bane, sukari da gishiri da katan basa jure shi, a ɗora su kan katako. Duk abinda ya lalace a ɗau hotonsa ranar, kar a zubar sai ka gani. In sati uku a jere kaya iri ɗaya ne ke ɓacewa a hannun mutum ɗaya, to sai a zauna, ku biyu ko da wanda ya kawo maka shi, ka buɗe waya ka nuna masa lambobin. Yaro mai amana ma tsarin nan kariya ce gare shi, ka faɗa masa haka tun ranar farko, kuma kai ka sa data da fawa bank, ba a albashinsa ba.

Ranar ƙirgar wata a haɗa da duba kwanan esfaya. Duk abinda saura wata uku ko ƙasa da haka a ɗau hoton kwanan a turo, a jawo shi gaban kanta sabo ya koma baya, kai kuma ka sa tunatarwa a kalandar wayarka dan ka karya farashi ko ka nemi dila ya canja maka tun da sauran lokaci. Masu kemis su wannan ya fi shafa.

Wayar kanta a sa mata makulli, WhatsApp a kunna ajiyarsa a Google Drive, dan waya na faɗawa kwata kuma ana zare ta a motar haya ta danfo, in komai na kan Gmail ɗinka sabuwa kawai zaka saya ka dawo da layinka ka shiga. Sau ɗaya a shekara kuma ka je da kanka a rufe shago rabin yini a ƙirga komai har ashana, ka daidaita ranar da lokacin da kake fitar da zakka, tunda dama sai ka san kimar hajar da ke ƙasa da kuɗin hannu da bashin da kake sa ran za a biya kafin ka cire ɗaya bisa arba'in. Adadin da aka samu ranar shi zaka zuba a layin farkon sabon shafi.